Allah ne ya ba Yerobowam mulki, to ina laifinsa?

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, Malam. Ni 'yar zumuntar mata ce, ina kuma koyar da ajin manya ran Lahadi da safe. Mun iso 1 Sarakuna sura 12 sai gardama ta kaure, wani dattijo a cikinmu ya ce ai tun asali shugabancin jama'ar Allah gado ne, uba ya mutu ɗa ya hau, don haka in ɗan fasto ya gaji ubansa a ekklisiya babu abin magana. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne Yerobowam, ai Allah ne da kansa ya aiko annabi ya ba shi kabila goma, to me ya sa daga baya duk inda ka buɗe sai ka ga ana cewa shi ya sa Isra'ila zunubi? Don Allah a warware mana.

Amsa: Salama 'yar'uwa, Allah ya ƙara miki ƙarfin aikin nan, ajin manya ba wasa ba ne don su ba a sallamar su da amsar yara. Tambaya biyu kika yi amma gaskiya ba sa rabuwa, domin a Isra'ila duk sanda aka zo maganar wa zai hau kujera, ki duba da kyau za ki tarar akwai bagade a kusa, ko firist, ko akwatin alkawari, kuma yawanci a nan ake cin sarautar ko a rasa ta.

Mu fara da maganar Baba dattijo, kuma a ba shi haƙƙinsa, yana da gaskiya a wuri ɗaya. Aikin firist gado ne, wannan babu tantama. A Littafin Ƙidaya 20 Allah ya ce Musa ya hau Dutsen Hor da Haruna da ɗansa Ele'azara, Musa ya tuɓe wa yayansa rigunan firist ya sa wa ɗan tun uban na numfashi, Haruna ya rasu a can bisa dutsen, mutum uku suka hau biyu suka sauko, jama'a suka yi makoki kwana 30. Kuma kafin wannan da Kora ya taso da mutum 250 suna cewa ai kowa mai tsarki ne me ya sa sai gidan Haruna kaɗai, kin san yadda ta ƙare musu.

Toh amma shi Musan fa? Yana da 'ya'ya maza biyu, Gershom da Eliyezer, babu ko ɗaya da ya gaje shi. Da lokacinsa ya ƙarato bai ma ambaci sunansu ba, roƙon Allah ya yi ya naɗa wanda zai bi da jama'a kada su zama kamar tumakin da ba makiyayi, Allah ya nuna Joshuwa ɗan Nun, mutumin kabilar Ifraimu, ba ma Balawe ba ne, yaron Musa ne da ya daɗe yana masa hidima. Aka tsai da shi gaban Ele'azara firist da dukan taro, Musa ya ɗora masa hannu, wannan yana Ƙidaya 27. Shi ma Joshuwa da ya tsufa bai ɗora ɗansa ba.

Zamanin mahukunta kuwa sau uku gado ya leƙo, sau uku ya ɓaci. Jama'a suka ce wa Gidiyon ka mulke mu kai da ɗanka da jikanka, ya ce a'a Ubangiji ne zai mulke ku, magana mai kyau, sai dai a take ya karɓi 'yan kunnen zinariya na ganima ya ƙera falmaran, irin rigar firist, ya ajiye a garinsu Ofra, mutane suka koma yi masa sujada. Yana mutuwa ɗansa Abimelek ya karɓi azurfa 70 daga ɗakin gunkin Ba'al-berit a Shekem ya ɗauki 'yan iska haya ya yanka 'yan'uwansa a kan dutse guda, ki lura fa, kuɗin ɗakin gunki ne ya sayi sarautar, shekara 3 ya yi wata mace ta sako masa dutsen niƙa a ka daga saman hasumiya a Tebez. Sai 'ya'yan Eli, Hofni da Finehas, su kam gadon halak ɗinsu ne, amma suka mai da hadaya wurin cin nama, ana dafawa baransu zai zo da cokali mai yatsa uku ya caka cikin tukunya duk abin da ya fito nasu ne, har ɗanye suke ƙwacewa kafin a ƙona kitsen, rana ɗaya suka mutu, akwatin alkawari ya tafi hannun Filistiyawa. Na ukun shi ya fi ba ni tausayi, Sama'ila da ya ga abin da ya sami gidan Eli da idonsa, da ya tsufa sai ya naɗa 'ya'yansa Yowel da Abiya alƙalai a Biyersheba, suka shiga cin hanci, dattawa suka zo suka ce 'ya'yanka ba sa bin sawunka, ka naɗa mana sarki kamar sauran al'ummai. Wato ita kanta sarautar Isra'ila daga gadon da ya lalace ta samo asali.

Saul kuma ɗa nagari gare shi, Yonatan, da gado ne kawai da babu wanda ya fi shi cancanta. Me ya hana? Abin da uban ya yi a Gilgal. Ya jira Sama'ila kwana 7, sojoji suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, tsoro ya kama shi ya miƙa hadayar ƙonawa da kansa, Sama'ila na isowa ya ce masa da Allah zai kafa mulkinka har abada amma yanzu ba zai ɗore ba. Ki riƙe wannan tsoron na Saul a ranki, za mu sake cin karo da shi wurin Yerobowam.

Gidan Dawuda ne kaɗai Allah ya yi wa alkawarin sarauta ta har abada, 2 Sama'ila 7, kuma alkawarin ya zo ne bayan Dawuda ya kawo akwatin alkawari Urushalima yana ta tunanin gina masa ɗaki. Amma ko a gidan ba wai babban ɗa ne ke hawa kai tsaye ba. Karanta 1 Sarakuna sura 1 a hankali, labari ne mai daɗi. Dawuda na kwance ana lulluɓe shi da mayafai ba ya jin ɗumi, Amnon da Absalom sun riga sun mutu, Adonaija ya ga layi ya zo kansa, ya tanadi karusai da mutum 50 masu gudu a gabansa, ya jawo Yowab shugaban sojoji da Abiyata firist, ya yanka tumaki da shanu a kusa da maɓuɓɓugar En-rogel ana ta ci ana ran sarki ya daɗe. A ɗaya gefen annabi Natan da Batsheba suka shiga wurin tsoho, ya ba da umarni a ɗora Sulemanu kan alfadarinsa na kansa a kai shi Gihon, Zadok firist ya ɗauko ƙahon mai daga alfarwa ya shafe shi, aka busa ƙaho gari ya ɗauka. Wuraren biyu kusa suke da juna, su Adonaija suna gama cin abinci kenan Yowab ya ce wannan wace hayaniya ce a gari, labari na isowa kowa ya kama gabansa, shi kuma mai gayya ya ruga ya riƙe zankayen bagade yana neman a bar shi da rai. Kowane ɓangare da firist ɗinsa kin gani, kuma Abiyata da ya bi wanda ya faɗi, Sulemanu ya tuɓe shi ya kora shi gonarsa a Anatot, a nan maganar da aka yi kan gidan Eli ta cika. Wanda ya san yadda ake naɗin sarki a ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba, zama ɗan sarki yana sa ka cikin masu nema ne kawai, bai naɗa maka rawani ba.

Yanzu maganar ɗan fasto, gara in faɗe ta a fili. Fasto ba firist ɗin gidan Haruna ba ne, ba kuma sarkin gidan Dawuda ba ne, waɗannan kujeru biyun duk Yesu ya zauna a kansu kuma ba zai sauka ba balle a yi maganar magaji. Wasiƙar Ibraniyawa sura 7 ta ce firistoci na dā sun yi yawa ne saboda mutuwa tana hana su ci gaba, shi kuwa yana raye har abada, firistancinsa ba ya komawa hannun wani. A Sabon Alkawari da aka tashi cike gurbin Yahuza Iskariyoti abin da aka duba shi ne wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya ya kuma shaida tashinsa, aka yi addu'a aka jefa ƙuri'a ta faɗo kan Matiyas. Mutum 7 na Ayyukan Manzanni 6 jama'a ce ta zaɓe su, manzanni suka ɗora musu hannu. Ki karanta 1 Timoti 3 da Titus 1, sharuɗɗan duk na hali ne da iya koyarwa da riƙon gida, babu inda aka ce ɗan wane. Ba na cewa haramun ne ɗan fasto ya zama fasto ko ma ya riƙe ekklisiyar da ubansa ya riƙe, akwai waɗanda Allah ya kira da gaske kuma sun tashi suna ganin aikin tun suna yara, ai Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ma ya shugabanci ekklisiyar Urushalima. Abin da nake cewa shi ne ya shiga ta ƙofar da kowa ke shiga, a gwada shi yadda za a gwada ɗan manomi, ekklisiya ba ta cikin kayan da ake rabawa in uba ya rasu.

Toh mu zo kan Yerobowam, wanda shi ne ainihin abin da ya dame ki.

Gaskiyarki, Allah ne ya ba shi. Kuma dalilin bayarwar ma sujada ce. Sulemanu ya gina Haikali cikin shekara 7, amma da ya tsufa matansa, 700 da ƙwaraƙwarai 300, suka karkatar da zuciyarsa har ya gina wa Kemosh na Mowabawa da Molek na Ammonawa wuraren tsafi a kan tudun da ke gabas da Urushalima, wato suna kallon Haikalin. Ga kuma nauyin da talakawa ke ɗauke da shi, mutum 30,000 na aikin tilas ana tura 10,000 Lebanon kowane wata, ga hakimai 12 kowa da watan da zai ciyar da fada. Yerobowam ɗan Nebat mutumin Ifraimu ne, uwarsa Zeruya mijinta ya rasu, Sulemanu ya ga ƙwazonsa ya sa shi kan ma'aikatan gidan Yusufu, don haka ya san kukan mutanen arewa daga tushe. Wata rana a bayan gari annabi Ahija mutumin Shilo ya tare shi, ya kama sabuwar rigar da shi Ahija ke sanye da ita ya kyakketa ta kashi 12 ya ce ɗauki 10. Amma 'yar'uwa ki sa ajinku su karanta 1 Sarakuna 11:38 da ƙarfi, don a nan amsar take, Allah ya ce masa in ka saurare ni ka bi hanyoyina kamar Dawuda zan kasance tare da kai in gina maka gida mai ɗorewa kamar yadda na gina wa Dawuda. Ba ƙaramin alkawari ba ne wannan, kuma da sharaɗi ya zo.

Sulemanu ya nemi kashe shi ya gudu Masar wurin sarkinta Shishak. Da Sulemanu ya rasu, wajen shekara 930 kafin haihuwar Yesu, ɗansa Rehobowam sai da ya tafi Shekem don kabilun arewa su yarda da shi, wannan ma ya nuna miki gadon bai wadatar ba sai jama'a sun amsa. Suka ce a rage mana karkiya mu bauta maka, ya ce ku dawo bayan kwana 3, dattawan da suka yi wa ubansa aiki suka ce ka yi musu magana mai taushi yau su zama naka har abada, abokan tasowarsa suka ce gaya musu ɗan ƙaramin yatsana ya fi ƙugun ubana kauri, ubana da bulala ya hore ku ni da kunamai zan yi. Mu kan ce ƙuruciya ce ta ɗebe shi, alhali shekararsa 41, ba yaro ba ne, girman kai ne kawai. Kuma don a ga bai fahimci komai ba, wa ya aika ya lallashe su? Adoram, shugaban aikin tilas ɗin da suke kuka da shi. Suka jefe shi har lahira, sarki ya haye karusa ya tsere Urushalima.

Har nan Yerobowam ba shi da laifi. Rehobowam ma ya tara mayaƙa 180,000 zai je ya ƙwato ƙasar, Allah ya aiko Shemaiya ya ce kowa ya koma gida wannan abu daga wurina yake. Laifin ya fara ne a aya ta 26 ta surar da kuke kai, inda aka ce Yerobowam ya yi magana a zuciyarsa. Lissafi ya yi irin na 'yan siyasa, ya ce mutanen nan in suka ci gaba da haurawa Urushalima yin hadaya zuciyarsu za ta koma wurin Rehobowam, su kashe ni. A ido lissafin daidai ne, maza suna zuwa idi sau 3 a shekara, suna ganin Haikali suna ganin fadar gidan Dawuda a gefensa, wane sarki ne hankalinsa zai kwanta? Amma mutumin nan yana riƙe da alkawarin Allah a hannu, wanda ya ba shi kabila 10 ba tare da ya zare takobi ba ai zai iya tsare masa su. Tsoron Saul ne a Gilgal ya dawo.

Sai ya ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel ɗaya a Dan, ya ce wa jama'a wahalar zuwa Urushalima ta isa haka, ga allolinku da suka fito da ku daga Masar, kusan kalma da kalma abin da aka faɗa a gindin Dutsen Sina'i ranar ɗan maraƙin Haruna. Kuma da wayo ya zaɓi wuraren. Betel tana kan iyakar kudu, ba ta kai kilomita 20 daga Urushalima ba, tana bisa hanya, ga ta da tarihi don a nan Yakubu ya yi mafarkin tsani, duk mai niyyar haurawa sai a ce masa ina za ka ga wurin kakanmu nan. Dan kuma can ƙarshen arewa, da ma akwai tsohon wurin tsafi tun zamanin mahukunta, kuma Mahukunta 18:30 ta ce firist ɗinsa na farko Yonatan ne ɗan Gershom ɗan Musa, ko da yake wasu juyin sun rubuta Manassa. Jikan Musa guda yana hidima gaban gunki, a gaya wa Baba dattijo wannan ma. Masu tonon kayan tarihi da suka fara aiki a tudun Dan tun 1966 sun tono babban dandamalin wurin hadayar, yana nan ana zuwa gani, a tudun ne kuma a 1993 aka sami guntun dutse mai rubutun da ya ambaci gidan Dawuda.

Bai tsaya nan ba, ya naɗa firistoci daga kowace kabila duk mai so, har Lawiyawa suka bar gonakinsu suka yi ƙaura zuwa Yahuza, ya ɗage idi daga wata na 7 zuwa ranar 15 ga wata na 8, watan da Littafi ya ce shi ya ƙago a ransa, ya kuma hau bagaden da kansa zai ƙona turare. Wuri, firist, rana, duk ya sauya su, kuma kowanne in kika bi sawunsa kujerarsa yake karewa.

Wani abu da mutane ke ruɗewa a kai, Yerobowam bai ce a bar Ubangiji a bi Ba'al ba. Masana da yawa suna ganin shi a nufinsa Allahn da ya fito da su daga Masar ɗin ake wa sujada, maruƙan kamar abin da yake tsaye a kai ne. Shaidar ita ce Littafi ya bambanta zunubinsa da na Ahab wanda ya auro Yezebel ya gina wa Ba'al ɗaki a Samariya, kuma sarki Yehu da ya zo ya share Ba'al kakaf amma ya bar maruƙan Betel da Dan. Ni a ganina wannan ne ya sa abin ya fi haɗari ya kuma fi daɗewa, Ba'al kowa na ganinsa ya san baƙo ne, Iliya ya yi masa rana ɗaya a Dutsen Karmel, amma sujadar da ke ɗauke da sunan Ubangiji alhali sarki ne mai ita, wa zai ce a rushe? Babu sarkin arewa ko ɗaya da ya taɓa ta, don duk wanda ya hau lissafin nan na aya ta 26 yana jiransa. Bayan wajen shekara 170 da annabi Amos ya je Betel yana wa'azi, Amaziya firist ɗin wurin ya ce masa tafi Yahuza ka ci abincinka a can, kada ka ƙara annabci a nan gama wannan wurin sujadar sarki ne, haikalin mulki ne. Da bakinsa ya faɗi mai wurin.

Kujerar da aka yi duk wannan dominta kuwa ba ta zauna ba. Yerobowam ya yi shekara 22, ɗansa Nadab 2 kacal Ba'asha ya kashe shi ya shafe gidan gaba ɗaya. Ɗan Ba'asha, Ila, yana cikin maye a Tirza Zimri ya kashe shi, Zimri ya yi kwana 7 ya cinna wa fada wuta yana ciki. Haka aka yi ta yi, sarakuna 19 daga gidaje 9 cikin shekara 200 da 'yan kai, har Assuriyawa suka ci Samariya a 722 kafin haihuwar Yesu. Bagaden Betel kuwa Yosiya sarkin Yahuza ne ya zo ya farfashe shi, kamar yadda wani annabi daga Yahuza ya faɗa tun ranar da Yerobowam ke tsaye a kansa. Gardamar ina ne wurin sujada ba ta mutu ba har zamanin Yesu, ita ce matar nan Basamariya ta ɗauko a bakin rijiya, a Saikar dab da tsohuwar Shekem inda aka raba mulkin, kan dutsen nan ko Urushalima, Yesu ya ce mata lokaci na zuwa har ma ya yi da ba dutsen ba ne ba Urushalima ba, cikin ruhu da gaskiya ne.

Na san Baba dattijo zai ce to ai ga shi Yahuza da suka riƙe gado gida ɗaya suka yi ta mulki har 586 da Babila ta ƙone Haikali. Haka ne, amma alkawarin Allah ne ya riƙe gidan, wanda mala'ika ya maimaita wa Maryamu a Luka 1:32, ba kyawun tsarin ba. Akwai lokacin da Ataliya, uwar sarki Ahaziya, ta karkashe 'ya'yan sarauta saura jariri ɗaya, Yowash, gwaggonsa Yehosheba matar Yehoyada firist ta sace shi aka ɓoye shi cikin Haikali shekara 6, 'yan zumuntar mata su san wannan sunan. Azariya da ake kira Uzziya, sarki mai ƙarfi, ya shiga ƙona turare firistoci 80 suka tare shi kuturta ta fito masa a goshi. Hezekiya mai gyaran sujada shi ya haifi Manassa wanda ya yi shekara 55 yana ɓarna, ya miƙa ɗansa cikin wuta ya kafa gunki a cikin Haikali, shi kuma Amon ɗan Manassa da fadawansa suka kashe bayan shekara 2, shi ne uban Yosiya.